Nawa da Na Wa

Ni mutum ne mai saurin fushi, ba sai an faɗa mini ba. Lokacin da nake da ƙarfina, in zare ya tsinke mini sau biyu a jere a bakin masaƙa, tashi nake yi ina zagin zaren, da wadda ta kaɗa shi, da gonar da aka noma audugar. Yanzu ido ya tafi, ba na ganin zaren balle in zage shi. Abin da ya rage mini shi ne zaman zaure da tune-tune, kuma duk cikin wautar da fushi ya sa na yi, wadda ta fi dawo mini ita ce ta wata bazara da na tafi sayen sa. An daɗe ƙwarai, tun kafin ciwon nan ya zo ya share shanu a ƙasar nan.

A garin Ƙarfi muke zaune, cikin ganuwa, sana'ata saƙa. Mai ɗakina ta haihu, haihuwa ta uku ke nan, ta sami namiji. Biyun farko ba su zauna ba. Ɗaya ya yi wata biyu, ɗayar ko arba'in ba ta kai ba, kuma duk hanya ɗaya suka bi. Nono ne yake ƙafewa. Jariri ya yi ta tsotso bai sami komai ba, ya yi kuka har murya ta dushe, wata rana sai ka ji gida ya yi tsit. Na san wannan shirun sau biyu, kuma babu abin da nake tsoro a duniya kamarsa.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ta zo zaman jego. Ba ta rage komai ba. Ruwan zafi safe da yamma da ganyen runhu, kunun kanwa har sai mai jegon ta ce a ƙyale ta. Ni ma na tara itace tun kafin haihuwa, har ya fi dangar gidan tsawo. Aka yi suna da ɗan ragon da ya samu. Amma bayan suna da kwanaki sai na ga abin yana dawowa. Mai ɗakina in ta miƙe sai ta dafa bango, leɓenta ya yi fari, yaron kuma ya fara irin kukan nan na siriri wanda ba ya tsayawa. Ina zaune a masaƙa ina jefa ƙoshiya, kunnena yana cikin gida.

Ba wai ban sayo nama ba. Na sayo. Amma wanda ya san kasuwarmu a ƙarshen rani ya san abin da mahauta ke yankawa: tsofaffin shanun da suka gaji da yawon neman ciyawa, ƙashi da jijiya, in ka dafa tun safe da la'asar kana ja da haƙori. Ƙafafun saniyar da na kawo don a yi wa mai jego ƙauri, Gwaggo ta yini tana hura musu wuta, romon ya fito kamar ruwan wanke ludayi. Ta fito da ƙashi ɗaya a hannu har inda nake saƙa, ta jefa shi gabana.

"Kai, dubi wannan. Wannan ne zai kawo nono? Yarinyar nan jini ne babu a jikinta. Nama take so mai maiƙo, na dabbar da ta ƙoshi, ba wadda yunwa ta riga wuƙa ba."

Na ce, "Gwaggo, to ina zan samo? Ni na hana ruwan sama zuwa?"

Ta ce, "Ni kake yi wa tsawa? Je ka yi wa kasuwa." Ta juya ta shige.

Maƙwabcina na jikin danga mahauci ne, mutum mai ƙiba da dariya, kullum muna tsokanar juna. Ya ji duk abin da aka yi, don dangar kara ba ta ɓoye magana. Ya leƙo ya ce, "Masaƙi, Gwaggo ta yi gaskiya, naman da muke sayarwa yanzu ni kaina ba na kai shi gidana. Amma na san inda sa yake." Ya ce a wata unguwar Maguzawa ce ta hanyar Bakori, tafiyar da in ka fita da fitowar rana za ka isa da hantsi. San turke ne, bai taɓa bin garke ba, a gida ake ba shi abinci. Sai dai fa, in ji shi, mahauta uku sun je sun taya, kowa albarka aka ce masa, ya dawo hannu wofi.

Na ce ai ko an sallama, ni ina na ga ƙarfin sayen sa sukutum? Ya ce, "Wa ya ce kai kaɗai? Watanda za a yi. Kowa a unguwar nan bakinsa ya yi tsami, rabonsu da naman kirki tun kaka."

Haka na bar saƙa na shiga gida-gida. Ni da ban iya roƙo ba, ranar na koya. Ban ce wa kowa don mai jego ba ne, kunya ta hana ni, cewa kawai nake yi an ga sa mai kyau, wa zai shiga? Gida goma sha biyu suka shiga. Wani ya kawo kuɗin wuri, wani ya kawo gishiri, ni na zuba abin da nake da shi, na kuma ɗauko wani gwado da na saƙa don kasuwa na naɗe, ko za a bukaci ƙari. Malamin unguwarmu, dattijo mai sanyin magana, ya ce zai bi mu don shi zai yanka, tunda a gidan Maguzawa ne.

Washegari rana na fitowa muka kama hanya mu uku da jakai biyu. Gonaki duk an share an ƙone, ana jiran ruwa. Zafi tun da safe ya fara cizo. Mahaucin yana ta ba Malam labarin shanun da ya feɗe a rayuwarsa, ni kuwa hankalina yana gida, don da zan fito na ji kukan yaron ya ƙara siriri.

Gidan ba ya cikin ganuwa, a tsakiyar gonakinsu yake, rumbuna sun fi ɗakunan kwana yawa. Tun daga nesa muka hango san a ƙarƙashin wata rumfa kusa da gawo. Tabɗi! Fari ne tas mai baƙin kunne, tozonsa ya yi nauyi har ya kwanta gefe guda, fatar tana sheƙi. A wannan bazarar da kowace dabba kana ƙirga haƙarƙarinta, shi ko ɗaya ba ka gani. A gabansa ga harawar wake koriya shar, ga ƙwaryar dusa, ga 'ya'yan gawo an tara masa tsibi. Mahaucin ya kama hannuna ya matse, ya ce a hankali, "Kada ka nuna ka yaba."

A gindin rumfar akwai wata tsohuwa zaune a ƙasa, da ɗaurin ƙirji, tana ɓare wake tana jefa wa san ƙowar. Mu mutanen cikin gari ne, an hore mu ba a tsayawa a kan matar mutum, ba a kallonta. Muka sunkuyar da kai, muka yi ɗan gunaguni mai kama da sannu, muka wuce. A ranmu ladabi muka yi.

Maigidan yana can gindin tsamiya yana tufkar igiyar rama, tsoho dogo siriri mai furfura. Ya tarbe mu da fara'a, ya shimfiɗa mana buzu, aka gaisa, aka tambayi iyali da zafi. Ya miƙo ƙwaryar ruwa. Malam ya ɗan tsaya yana leƙa cikinta, tsohon ya yi dariya ya ce, "Sha, Malam, na rijiya ne. Wancan ɗin ba a fito da shi da hantsi." Muka sha.

Mahaucin ya gyara zama ya ce, "Baba, san nan muka gani. Nawa?"

Tsohon ya ce, "Ku taya mana."

Ya taya, tayi mai kyau, ba na raini ba. Tsohon ko ɗaga kai bai yi ba daga igiyarsa. Ya ce, "Albarka."

To, wannan ba abin damuwa ba ne, kowane ciniki da albarka yake farawa. Mai kaya ya ce albarka, kai kuma ka ƙara, har a kai inda zai ce ya sallama. Mahaucin ya ƙara. Albarka. Ya kushe san, ya ce ƙahonsa ɗaya ya karkace, ya ce kitse ya yi masa yawa. Albarka. Malam ya sa baki da lallashi, ya ce mutane ne da yawa suka haɗu, a duba. Albarka. Aka ɗora gishirin gaba ɗaya. Albarka. Na kwance gwadona na shimfiɗa a gabansa, saƙar da na yi wata guda ina yi. Ya shafa shi da tafin hannu, ya ce hannun da ya saƙa wannan ya iya, sannan ya ce albarka.

Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin bai taɓa cewa mu ƙara ba, bai kuma faɗi abin da yake so ba. Murmushi kawai yake yi yana murza igiya a cinya. Inuwar tsamiyar ta tattare ta dawo gindinta, rana ta zo tsaka. Ni kuma ina zaune ina lissafin tun yaushe yaron nan bai sami abin da ya haɗiya ba. Sai na ji abin ya taso mini tun daga ciki.

Na miƙe na ce, "Haba Baba! In ba ka sayarwa ka ce ba ka sayarwa! Tun hantsi ka zaunar da mu kana wasa da hankalinmu. Me kake so, mu ba ka rigunan jikinmu?"

Malam ya ce, "Kai, zauna, ba a yi wa babba haka."

Tsohon bai yi fushi ba. Ya ce, "Samari, ko Ƙarfi kuka ɗauko da ganuwarta, ni albarka zan ce."

Na fizge gwadona, ko naɗewa ban yi ba, na nufi inda muka ɗaure jakai, can kusa da rumfar san. Igiyar jakin ta ƙulle, na ja ta ƙara ƙullewa. Na hau zagin jakin, na zagi igiyar, na zagi hanyar Bakori da wanda ya fara bin ta. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, ni magidanci, a gidan mutane, da rana tsaka. Wallahi ba don san nake kuka ba, tsoro ne ya cika ni.

Sai na ji murya a bayana. "Kai mai fushi, jakin ne ya hana ka?"

Tsohuwar nan ce mai ɓarar wake. Na goge fuska da hannun riga, na ce, "A'a, Inna," kaina a ƙasa.

Ta ce, "Dube ni in kana magana, ni ba surukarka ba ce. Me za ku yi da sa guda a tsakiyar bazara? Ba sallarku ba ce, ban kuma ji kiɗan biki ba."

Na ɗago. Ƙaramar mace ce, baƙa, hannuwanta duk kanta irin ta riƙon fartanya. Ban taɓa faɗa wa ko abokina ba, amma ita na faɗa mata. Na ce akwai mai jego a gida, kuma babu nono. Na ce biyu sun riga sun tafi a haka.

Ta ajiye ƙwaryar waken. Ta shiga yi mini tambayoyin da ban taɓa jin mace ta yi wa namiji ba. Kwana nawa da haihuwa? In ta yi wankan zafi tana yin gumi ko jiri take ji? Na duba cikin idonta, ja ne ko fari? Maɗigar yaron ta faɗa ciki? Wanda na sani na amsa, wanda ban sani ba ta yi tsaki ta ce ku maza sai ku zauna gida ɗaya da mutum ba ku san launin idonsa ba. Ta ce ita tara ta haifa, huɗu ta binne, ta san kukan da nake nufi.

Sannan ta miƙe, ta karkaɗe zane, ta ɗaga murya yadda na gindin tsamiya za su ji. "Shi ne tun hantsi kuna can kuna ɓata bakinku da mutumin da ko ƙudan da ke kan san nan ba nasa ba ne?"

Na waiga gindin tsamiya. Malam da mahauci suka taso, tsohon ya biyo su yana dariya har yana riƙe ciki.

Ashe san nata ne. A wurinsu mace tana da gayaunarta, ta noma abinta, ta sayi abin da ta ga dama, miji ba ya taɓawa. Da audugar gayaunarta ta saye shi wurin Fulani yana ɗan maraƙi, uwarsa ta mutu, kowa ya ce ba zai yi rai ba. Ita ta riƙa ɗura masa kunu da ludayi. Shekara uku tana tara masa harawa a kan rumfa tun kaka, tana tsinto masa 'ya'yan gawo, tana jiƙa masa kanwa. Ta ce mahauta sun zo sau uku, kowanne ya wuce ta kamar ya wuce turmi, ya tafi wurin maigida. Shi ne ta ce masa, duk wanda ya wuce ni bai tsaya ba, albarka zai ji har ya gaji ya tafi.

Mahaucin ya juya ya ce, "Haba Baba, ai da sai ka faɗa mana!"

Tsohon ya share hawayen dariya ya ce, "Yo kun tambaya? Kun ce mini nawa. Ba ku ce na wa ba."

Malam ya yi salati, ya kama gemu, shi ma ya fashe da dariya. Ni dai kunya ta rufe ni, na durƙusa a gaban tsohuwar na ce, "Inna, ki yi haƙuri. Wallahi mu girmamawa muka yi nufi."

Ta ce, "Girmamawar da ba ta ganin mutum, ku riƙe abarku. Tashi. Kai mai ƙiba, tayin da ka fara yi ina jinka daga nan. Shi na karɓa, na sallama. Ku mayar da gishirin da kuka ƙara, kai kuma naɗe gwadonka, mai jego za ta bukace shi in ruwa ya sauka."

Malam ya yi gyaran murya. Ya ce akwai tambaya ɗaya, a gafarce shi: ko ana ba san nan tsakin giya? Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Malam, giyata ko tsohon nan sai ya roƙa nake ba shi, zan ba sa? Wake da dawa da gawo, shi ke nan abin da ya sani. Duba bakinsa in kana so." Malam ya ce a'a, ya gamsu.

Ta ce a nan za a yanka. Bai taɓa tafiyar da ta wuce rijiya ba, in muka kora shi a wannan ranar zai wahala a banza, kuma ba za ta so a ja shi ana dukansa ba. Sannan ta ce akwai sauran magana: ƙafafun huɗu da hanta da rabin tozo ba za su shiga kashin watanda ba.

Mahaucin ya ce, "Af, Inna, wannan kuma da wuya. Watanda daidai ake raba ta. Gida goma sha biyu ne, in aka cire wani abu za a ce mun ci amana."

Ta ce, "Wa ya ce a cire daga naku? Su ban sayar ba. Nawa ne. Kuma na ba mai jego. Ku je ku faɗa musu haka, wanda bai yarda ba ya zo ya same ni."

Malam ya ce wannan magana ta yi, mai kaya yana da ikon ya keɓe abin da ya so tun kafin a ƙulla ciniki, shi shaida ne.

Da muka yi azahar aka kai san bayan gawo. Ita ta ja shi da kanta, yana bin ta ba ko turjiya. Ta sosa masa goshi, ta yi masa wata magana a kunne, ta miƙa wa mijinta igiyar, ta tafi bayan rumbu ba ta waiwayo ba. Ba ta fito ba sai da aka gama fiɗa. Na ga idonta ya yi ja. Mahaucin kuwa yana aiki yana sambatu, wai tunda yake bai taɓa sa wuƙa a nama irin wannan ba, ja wur, kitsen rawaya-rawaya, ƙamshinsa ma daban. Ita ta naɗe hantar a ganye da hannunta, ta ce a gasa ta yau ɗin nan sama-sama, kada a bari ta bushe, ƙafafun kuma a sa musu citta da masoro da kimba a bar su a wuta har ƙashi ya saki. Ta ce, "Ranar arba'in zan shigo garin naku in gani da idona. In na tarar kun cinye kun bar ta, za ka san ni."

Jakanmu biyu ba su isa ba, tsohon ya ɗora sauran a nasa ya raka mu. Muka rufe naman da ganye saboda ƙuda, muka yi sauri, la'asar sakaliya ta yi mana a ƙofar gari. A ƙofar gidana aka shimfiɗa zana, mahaucin ya kasa kashi goma sha biyu, kowane da tsoka da ƙashi da kitse da kayan ciki, yana ɗauke yanki daga wannan yana ƙara wa wancan har ido ya kasa bambancewa. Yadda muke yi, kowane gida sai ya kawo alamarsa, wani tsinke, wani tsakuwa, wani ƙwallon goruba, a zuba a ƙwarya, a ba wanda bai san na kowa ba ya ɗora a kan kashin. Muka ba tsohon, tunda shi baƙo ne. Duk wanda ya ɗora sai ya ɗago ya dube ni ya ce, "To, wannan na wa?" Mu uku muna dariya, sauran mutane ba su san abin dariyar ba. Malam ya yi bayanin ƙafafu da hanta, ba wanda ya ce ƙala. Wata tsohuwa ma cewa ta yi, da na faɗi tun farko don mai jego ne, da ta bar mini kashinta.

Ranar unguwarmu duk hayaƙi da ƙamshi. Wasu suka yanyana suka shanya, wasu suka soye da kitsensa suka zuba a tukunya don ya kai su damina. A gidana Gwaggo ta karɓi hantar, ta jujjuya ta, ta ce, "Yanzu ka kawo nama." Iyakar yabon da na samu ke nan. Mai ɗakina ta ci yanka biyu ta ce ta ƙoshi, Gwaggo ta ce ba ta ƙoshi ba, ta zauna a kanta sai da ta ci biyar. Washegari romon ƙafa, mai kauri har yana kama leɓe. Jibi ma haka, da tozo a cikin miya.

Kwana ɗaya, biyu, uku, kukan yana nan. Na fara cewa a raina ko mun makara. A rana ta biyar, bayan azahar, ina masaƙa ina jefa ƙoshiya, sai na lura ba na jin komai. Gidan ya yi tsit. Na saki ƙoshiyar. Na san wannan shirun. Na tashi, na yi tuntuɓe da zaren, na faɗa cikin gida ba ko sallama, na ɗaga asabarin ɗakin da namiji ba ya shiga lokacin jego.

Gwaggo ta ɗaga mini hannu, ta ce, "Shhh, mahaukaci, za ka tashe shi." Yaron yana kwance a cinyar uwarsa, cikinsa ya yi tim, bakinsa a buɗe, ga farin nono ya gangaro ta gefen leɓensa. Gaban zanen uwar ya jiƙe. Ta dube ni ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Na fita bayan gida na zauna a kan turmi na yi kuka na biyu a mako ɗaya, wannan karon ban zagi kowa ba.

Allah ne ya yi, na sani. Amma na san hannun da ya biyo da shi. Tun daga ranar na ɗora zare mai kyau, baƙi da fari, na fara saƙa zane. Ban taɓa yin saƙa da natsuwa irin wannan ba. Zare ya tsinke, in ƙulla in ci gaba. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, na gama shi ana saura kwana biyu arba'in, na kai aka ɗinke aka buga.

Ranar arba'in da hantsi sai ga ta, ita kaɗai, da ƙwarya a ka, ƙafafunta duk taɓon hanya. Daddawa ta kawo da man shanu. Ina ganinta na tashi daga masaƙa, na tare ta tun a waje, na durƙusa na gaishe ta ina kallon idonta. Ta ce, "A'a, ashe ana koyo." Gwaggo ta shigar da ita, ta ce in biyo su, yau an gama jego. Mai ɗakina ta fito da ƙafarta, ba dafa bango, ta durƙusa ta miƙa mata yaron. Tsohuwar ta ja ƙasan idon uwar da yatsa ta duba, ta taɓa maɗigar yaron, ta ɗaga shi sama tana gwada nauyinsa, ya kama mata yatsa ya kai baki.

Na ɗauko zanen na shimfiɗa a gabanta. Na ce, "Inna, ga wannan. Ba biya ba ne, na san ba zan iya biya ba. Ki karɓa don Allah."

Ta ce, "Albarka."

Ka ji halin mutum! Nan take na ji zuciyata ta yunƙuro. Albarka kuma? Zanen da na fi kowane wahala a kansa? Har na buɗe baki zan ce to me zan ƙara. Sai na duba, na ga ko kallon zanen ba ta yi ba. Yaron take kallo, ta dafa masa kai da wannan hannun nata mai kanta, ta sake faɗa a hankali, "Albarka."

Daga baya ta ɗauki zanen, ta ɗora yaron a bayan uwarsa, ta ɗaure shi da shi da kanta, ta ce a nan ya fi kyau. Da shi aka goya shi har ya yi tafiya, aka goya ƙannensa uku, sai da ya zama tsumma. Yaron shi ne mai gidan nan da nake zaune a zaurensa yanzu. Duk shekara shi ke haɗa watandar unguwa, kuma in ya isa gidan masu sa, kowa ya tarar a gindin turke shi yake fara gaisarwa.